Yadda Ake Binciken Ra'ayin Jama'a Kan Mata Masu Buga Gem

A shekarar 2015 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi manyan mutane a ƙasar game da wasannin bidiyo, waɗanda muke kira gem. Kashi 50 cikin 100 na maza suka ce suna bugawa, mata kuma kashi 48, kusan kunnen doki ke nan. Amma da aka tambaye su wa ya fi yawa a cikin masu bugawa, kashi 60 cikin 100 suka ce maza ne, kuma kashi 57 na matan da su kansu suke bugawa haka suka ce. Abin da ke faruwa daban, abin da ake zato daban.

A wurinmu tazarar tana da dalilin da ido ke gani. Leƙa shagon gem a kowace unguwa ta Kano bayan La'asar, za ka tarar samari sun cika benci, biyu na riƙe da pad suna buga ƙwallo a PS, sauran na jiran layi suna ihu. Da wuya ka ga mace ko ɗaya. A cikin gida kuwa, a wayar amarya da ta ƙanwarta da ta yayarta mai 'ya'ya uku, akwai Candy Crush da Ludo King da Subway Surfers, wasu ma har Free Fire da Call of Duty. Gem ɗin maza yana bakin titi, na mata yana cikin ɗaki. Mai binciken da bai lura da haka ba zai tambayi mutane abin da ba su taɓa gani ba, ya rubuta amsar da suka ƙirƙiro masa nan take.

Wannan bayani na yadda ake binciken ra'ayin jama'a kan mata masu buga gem, na ɗalibi ne ko ɗaliba mai rubuta kundin kammala digiri, da ɗan jarida, da ma'aikacin ƙungiya. Na ɗauki birnin Kano a matsayin misali, amma matakan za su yi aiki a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi. Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin duka: duk tambayar da ka yi a kan mace, ka yi irinta sak a kan namiji. Dattijon da ya ce bai yarda 'yarsa ta buga gem ba, wataƙila ɗansa ma bai yarje masa ba. Idan ba ka tambaye shi duka biyun ba, za ka rubuta cewa yana ƙin mace ta yi gem, alhali gem ɗin ne kacokan ba ya so.

Mataki na 1: Tsayar da abin da kake nema

Abubuwa uku ne ake cakuɗawa a kira su ra'ayi. Akwai zato, wato wa mutum yake tsammanin yana buga gem. Akwai hukunci, wato abin da yake ganin ya dace ko bai dace ba. Akwai kuma aiki, wato abin da zai yi idan a gidansa ne: zai saya wa 'yarsa waya, zai ƙwace, ko zai kau da kai. Mutum ɗaya yana iya cewa babu laifi mace ta yi gem, amma matarsa kam a'a. Ka auna ukun daban-daban.

Sai ka tsayar da su wa za ka tambaya, ka rubuta a jimla ɗaya ka manna a bangon littafinka. Misali: maza da mata 'yan shekara 18 zuwa sama da ke zaune a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Idan aljihunka ba zai ɗauka ba, ka tsaya a ƙaramar hukuma ɗaya ko makaranta ɗaya. Ƙaramin aiki da aka yi da kyau ya fi a ce an binciki Arewa duka da takarda ɗari.

Mataki na 2: Saurara kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya

Nan ne mafi yawan ɗalibai suke tsallakewa, su kwafo tambayoyin da aka tsara wa mutanen wata ƙasa. Shirya zaman tattaunawa kamar biyar, kowanne da mutum shida zuwa takwas: 'yan mata, matan aure, samari, magidanta, da masu shagon gem. Kada ka haɗa maza da mata, kada kuma ka haɗa yarinya da sa'ar mahaifiyarta, domin kunya za ta rufe mata baki. Zaman mata mace ce za ta jagoranta. Ajin Islamiyya bayan an tashi, ko tsakar gidan wata da ake ganin girmanta, ya fi ofis. Magidanta kuwa a majalisarsu za ka same su bayan Magariba.

Fara da abin da ba ya tayar da jijiyar wuya. Wane irin wasa kuka yi kuna yara? Za su ambaci langa da dara da carafke da 'yar gala-gala, a yi dariya, baki ya buɗe. Daga nan sai ka gangaro kan waya: su wa suke gem a gidanku, yaushe, me ake ce musu?

Abin da kake farauta shi ne dalilai, da irin kalmomin da ake faɗinsu da su. Za ka iya jin ana cewa ɓata lokaci ne, ko girki zai ƙone, ko zubar da aji ne, ko kuma tsoron kada ta riƙa hira da mazan da ba a sani ba. Ka kasa kunne sosai ga masu goyon baya ma. Wata uwa za ta ce gara ta zauna a ɗaki tana gem da ta fita yawo. Wannan goyon baya ne, amma tushensa daban yake da na wadda ta ce mace ma tana da haƙƙin hutawa. Idan takardarka ba ta raba su ba, za ka zuba mutane biyu masu bambancin tunani a layi ɗaya.

Nemi izini kafin ka kunna rikoda, kuma ka rubuce abin da aka faɗa a daren ranar, tun kana tuna wa ya ce me.

Mataki na 3: Rarraba gem ɗin

Idan ka ce wa mutum gem, wani ludo ne zai faɗo masa a rai, wani harbe-harbe, wani kuma caca. Haɗa kati guda mai hotuna huɗu ko biyar: na jera alawa irin Candy Crush, ludo, ƙwallo, na yaƙi irin PUBG, da na gudu irin Temple Run. Nuna katin, ka bayyana da baki cewa wasan da ake sa kuɗi don a ci riba ba ya cikin abin da kake tambaya. Rashin yin wannan bayani kaɗai yana iya lalata sakamako, domin duk wanda ya ɗauka caca kake nufi ya riga ya yanke hukunci kafin ka rufe baki.

Bayan nau'in gem, abubuwa huɗu ne suka fi juya amsa: inda ake bugawa, a gida ko a shago, da wa ake bugawa, ita kaɗai ko da 'yan uwa ko da baƙi ta intanet, tsawon lokacin, da matsayin mai bugawa, yarinya ce ko budurwa ko matar aure. Ina sa ran a yawancin unguwanni tambayar wuri da ta abokan wasa za su fi ta nau'in gem raba kawuna, amma wannan hasashe ne da bincikenka zai tabbatar ko ya rushe.

Mataki na 4: Rubuta tambayoyin

Rubuta su da Hausa tun farko, sannan ka fassara wa malamin da ke duba aikinka. Idan ka fara da Turanci ka juyo, za ka sami jimlolin da ba wanda ke furta su a tsakar gida. Ka kuma tanadi kwafin Turanci saboda unguwanni irin Sabon Gari. Ba wa wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Turancin zuwa Hausa, ku gwada, a gyara inda ma'ana ta kauce.

Tambayoyin su zo tagwaye. "A ganinka, ya dace budurwa ta buga gem a waya a cikin gida?" sai abokiyarta, "A ganinka, ya dace saurayi ya buga gem a waya a cikin gida?" Amsa a matakai biyar, tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932: ya dace sosai, ya dace, tsaka-tsaki, bai dace ba, bai dace ba ko kaɗan. Ka bar gurbin "ban sani ba", amma kada mai tambaya ya karanta shi a fili. Rabin mutanen a fara musu da tambayar namiji, rabin da ta mace, domin wanda ya riga ya ce ya dace ga saurayi yakan ji nauyin sauya baki idan aka zo kan budurwa.

Akwai wata matsala da ta fi damunmu a nan: kara. Baƙo ya zo da takarda, ya karanta magana, ya ce ka yarda? Mutane da yawa za su ce haka ne don kada su kunyata shi. Maganinta shi ne dabarar da Afrobarometer, cibiyar binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ke amfani da ita, a karanta magana biyu masu karo da juna a ce mutum ya zaɓi wadda ta fi kusa da ra'ayinsa. Misali, magana ta ɗaya: matar aure tana iya buga gem a lokacin hutunta ba sai ta nemi izini ba. Magana ta biyu: ya kamata matar aure ta nemi izinin mijinta kafin ta buga gem. Ko wacce ya ɗauka bai saɓa wa baƙo ba.

Guji tambaya mai jan mutum, irin "Ba ka ganin gem na lalata tarbiyyar mata?" Guji mai kai biyu, irin "Gem na ɓata lokaci da kuɗi?", domin wani zai yarda da lokaci ya ƙi kuɗi. Wajen tambayar ko shi kansa yana bugawa, kada ka ce "kai ɗan gem ne?" A binciken Pew ɗin nan, kashi 15 na maza ne suka yarda da wannan laƙabi, mata kuwa kashi 6 kacal, duk da yawan masu bugawa ya kusa zama ɗaya. Ka ce: a cikin kwana bakwai da suka wuce, kin buga ɗaya daga cikin waɗannan a waya ko a wata na'ura?

Sai kuma kayan aikin da na fi amincewa da shi, gajeren labari mai fuska biyu. Rubuta labari ɗaya: wata budurwa 'yar shekara 19, ɗaliba, ta gama aikin gida da karatunta, takan buga gem awa ɗaya da daddare tare da mutanen da ta haɗu da su ta intanet. Kwafe shi kalma da kalma, ka mayar da budurwar saurayi. Kowane mai amsa labari ɗaya kawai zai ji, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓa masa. Sannan a tambaye shi: yaya kake ganin tarbiyyar wannan matashi? Za ka so ya zama abokin ɗanka, ko ta zama ƙawar 'yarka? Da yake bai san akwai labari na biyu ba, ba shi da abin da zai daidaita. Duk bambancin da ya fito tsakanin rukunan biyu, jinsi ne ya kawo shi. A manhajar KoboToolbox ko ODK, waɗanda ake cike takardar tambayoyi da su a waya, layin lissafi na once(random()) zai yi maka ƙuri'ar. Idan da takarda kake aiki, ka buga kwafi iri biyu ka cakuɗa su kafin a fita.

Tambayoyin shekaru da ilimi da aure da sana'a da mallakar waya su zo a ƙarshe. Duka hirar kada ta wuce minti ashirin.

Mataki na 5: Gwaji

Gwada takardar a kan mutum 20 zuwa 30 irin waɗanda za ka tambaya, har da tsofaffi da waɗanda ba su yi boko ba. Bayan kowace tambaya ka ce, "Baba, me ka fahimta da wannan?" ko "Hajiya, da kika ji an ce baƙi ta intanet, su wa suka zo miki a rai?" Inda mutum uku suka yi tuntuɓe, tambayar ce ke da laifi. Gyara ta ko ka cire.

Mataki na 6: Zaɓen waɗanda za a tambaya

Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke saman buhu, sai ya zura hannu ciki. Fom ɗin Google da ka tura a zaurukan WhatsApp saman buhu ne: abokanka ne za su cike, masu babbar waya da data, masu karatu, yawancinsu matasa. Iyaye da mazajen da ra'ayinsu ke yanke hukunci a gida ba za su gan shi ba, haka matan da ba su da wayar kansu. Idan jama'a kake son ji, sai an taka ƙasa.

Lissafin da aka saba shi ne mutum 385 suna ba da tazarar kuskure, wato iyakar da sakamako zai iya kaucewa daga ainihin ra'ayin jama'a, ta kashi 5 sama ko ƙasa, a matakin tabbaci na kashi 95. Amma wannan lissafi na wanda ya zaɓi mutane ɗaya-ɗaya ne daga cikakken jerin suna. Kai unguwa-unguwa za ka bi, kuma maƙwabta sukan yi kama a tunani, don haka akan ninka adadin sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Labarin mai fuska biyu ma yana cin mutane: idan kowane ɓangare 200 ne, sai bambancin ya kai wajen kashi 10 kafin ka dogara da shi, idan 400 ne, wajen kashi 7. Wanda ke da hali ya nufi 800. Wanda ba shi da shi ya yi 400, ya faɗi iyakar abin da adadin zai iya nunawa.

Yadda za ka bi shi ne ka samo jerin mazaɓu da rumfunan zaɓe na hukumar INEC. Zaɓi rumfuna ta ƙuri'a, kamar 40, a yi hira goma zuwa ashirin a kewayen kowace. Gara rumfuna da yawa da hira kaɗan-kaɗan a kan rumfuna kaɗan da hira rututu. Daga rumfar, mai tambaya ya ɗauki hanya, ya shiga kowane gida na biyar. Idan gidan haya ne ko gidan gado mai sassa da yawa, a yi ƙuri'a tsakanin sassan. A cikin gida, a jera manyan da ke kwana a nan, a zaɓi ɗaya ta ƙuri'a. Afrobarometer na yin karɓa-karɓa, gidan farko namiji, na biyu mace, don a tashi rabi da rabi, kuma tsari ne mai sauƙin bi. Dabarar zaɓen wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa ba ta aiki sosai a nan, tunda dattawa da yawa ba sa riƙe ranar.

Idan wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba ya nan, a dawo, aƙalla sau biyu. Kada a maye gurbinsa da wanda aka tarar a zaure. Magidanta sai yamma ko ƙarshen mako; mata kuwa hantsi ya fi, bayan yara sun tafi makaranta kafin a ɗora girkin rana. A rubuta adadin gidajen da suka ƙi.

Mataki na 7: Izini

Fara da kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka ko ƙungiyarka, ka karɓi takarda. Da ita za ka je wurin hakimi, ya haɗa ka da dagaci, shi kuma da mai unguwa. Wannan zagaye yana cin kwanaki, amma shi ke buɗe ƙofa, musamman a lokacin da mutane ke ɗar-ɗar da baƙo mai rubuce-rubuce a waya. Idan mai unguwa ya ba ka ɗan rakiya, ya tsaya a ƙofar gida, kada ya zauna a wurin hira.

Izinin maigida na shiga gida ne kawai. Matar da za a yi hira da ita sai an nemi yardarta ita kanta, an gaya mata abin da za a yi da amsarta, da cewa tana iya ƙin amsa kowace tambaya ko ta tsayar da hirar. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a karɓi bayanan yara. Idan wannan ne bincikenka na farko, ka tsaya a 'yan shekara 18 zuwa sama.

Kada suna ya hau takardar amsa. Lambobin waya da za ka karɓa don tantance aiki a ajiye su a wani fayil daban. Wannan ba ƙa'idar takarda ba ce kawai: akwai matar da ke buga gem ba da sanin mijinta ba, akwai yarinyar da ke goge shi kafin yayanta ya karɓi wayar. Maganar da ta fita daga bakin mai bincike tana iya jawo mata faɗa ko a raba ta da wayar. Idan za ka ba da ɗan alheri, sabulu ko katin waya kaɗan ya isa, kada ya kai girman da mutum zai ji dole ya amsa.

Mataki na 8: Masu tambaya

Mata su tambayi mata, maza su tambayi maza. A gidajen da aka rubuta "Ba Shiga" ma ba ka da wani zaɓi. Ba su horo na kwana biyu ko uku, su riƙa gwadawa a junansu har karatun ya zauna a bakinsu. Su karanta tambaya yadda take, ba ƙari ba ragi. Kada su yi dariya, kada su ɗaga gira, kada su ce "ai ni ma ina bugawa". Yawancin masu tambaya matasa ne masu son gem, kuma fuskarsu kan nuna amsar da suke so.

Samun keɓewa shi ne mafi wuya. Mai tambaya za ta zauna a tabarma, kafin ta kai tambaya ta uku uwar miji ta jawo kujera 'yar tsugunno, abokiyar zama ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, yara sun kewaye wayar. Ta nemi alfarma cikin ladabi: "Mama, a yi mana haƙuri minti kaɗan, ƙa'idar aikin ce sai mu biyu." Idan hakan bai yiwu ba, a ci gaba, amma a ƙarshen takardar ta cike gurbin da ke nuna wa ke wurin. Daga baya za ka gwada amsar matan da aka tambaya su kaɗai da ta waɗanda aka tambaya a gaban wani, kuma wannan gwaji kansa sakamako ne.

KoboCollect, manhajar waya ta KoboToolbox, na aiki ba tare da intanet ba, sai a tura da yamma. Duba aikin kowace rana. Hirar da ta ƙare a minti biyar, ko mai tambayar da duk mutanensa amsa iri ɗaya suke bayarwa, alamar an cike ne a ƙarƙashin bishiya. Kira kamar ɗaya cikin goma ka tabbatar an je.

Mataki na 9: Zauna da masu bugawa

Binciken da ya tattara abin da ake faɗa a kan mata bai ji ta bakinsu ba, ya bar rabin aikin. Nemi mata masu buga gem a yi doguwar hira da su ɗaya-ɗaya. Ta farko za ta haɗa ka da ta biyu. Ci gaba har ka ga sababbin hirarraki sun daina kawo sabon abu, wanda sau da yawa yakan faru tsakanin 15 zuwa 20. Ka nemi iri-iri da gangan: mai ludo da mai harbi, budurwa da matar aure, mai yi a fili da mai ɓoyewa.

Tambaye su abubuwa na zahiri. Wane suna kike sawa a gem, na mace ko na namiji? Kina buɗe murya idan kina wasa da baƙi? Me ya faru ranar da suka gane mace ce? Wa ya fara nuna miki? Wa ke saya miki data? Tambayar murya tana da tushe. A binciken da Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose suka wallafa a 2013, sun shiga wasan Halo 3 da muryoyin da aka naɗa, na mace da na namiji, suna faɗin kalmomi iri ɗaya. Muryar mace ta sha baƙar magana kusan ninki uku na ta namiji. A 2015 Michael Kasumovic da Kuznekoff suka nuna cewa mazan da ba su iya wasan sosai ba su ne suka fi yi wa muryar mace rashin mutunci. Ka lura, dabarar tagwaye ce suka bi. Ko haka abin yake a tsakanin masu wasa da Hausa, matan da ka zauna da su ne za su fara haska maka.

Idan wata ta kawo labarin cin zarafi ko barazana, a bar ta ta faɗi iya abin da take so, kada a matsa. Sharhin Facebook da TikTok kuwa yana da amfani wajen ganin irin kalmomin da ake jifa da su, amma masu zafin kai ne suka fi rubutu, don haka kada ka ƙirga shi a matsayin ra'ayin jama'a. Kada kuma ka kwafo sharhin mutum kalma da kalma, domin ana iya bincikowa a gano shi.

Mataki na 10: Tace sakamako

Excel ya isa ga mafi yawan aikin, manhajar jamovi kuma kyauta ce ga mai son gwajin ƙididdiga, idan babu manhajar SPSS. Fara da share bayanai: hirar da aka tura sau biyu, shekarun da ba za su yiwu ba, guraben da aka bari.

Daga kowace tambayar tagwaye, raba mutane gida huɗu: waɗanda suka yarje wa namiji da mace, waɗanda suka hana duka biyun, waɗanda suka yarje wa namiji kaɗai, da waɗanda suka yarje wa mace kaɗai. Gida na uku shi ne zuciyar bincikenka. A ce mutum 60 cikin 100 sun ce bai dace budurwa ta buga ba. Idan 50 daga cikinsu saurayi ma sun hana shi, labarinka na ƙin gem ne, bambancin jinsi mutum 10 ne kawai. Idan kuwa 15 ne kacal suka hana saurayi, labarin ya sauya gaba ɗaya, ko da yake 60 ɗin nan tana nan yadda take. Kada ka raina gida na huɗu ko da mutanensa kaɗan ne. A nan za ka iya samun iyayen da ke ganin gem na tsare yarinya a gida amma yana kai yaro shago.

Sannan ka gwada rukuni da rukuni: maza da mata, matasa da dattawa, masu bugawa da marasa bugawa, waɗanda akwai mai bugawa a gidansu da waɗanda babu. Kada ka shiga da zaton maza ne za su fi tsanani. Bar alƙaluma su faɗa. Kada ka yanka rukuni har ya koma mutum goma sha biyu sannan ka ba da kaso a kansa. Idan ka haɗa tambayoyi da yawa don su ba da maki ɗaya, duba ma'aunin Cronbach, mai nuna yadda amsoshin tambayoyin suke tafiya tare, wanda aka saba karɓa daga 0.7 zuwa sama. Ka kuma tuna cewa ganin masu bugawa sun fi sassauci bai nuna gem ne ya sassauta su ba, wataƙila masu sassaucin ne tun asali suka fara bugawa.

Mataki na 11: Rubutawa da mayar da labari

A rahoton ka faɗi inda aka yi, da watan da aka yi, da yawan mutane, da yadda aka zaɓe su, da yawan waɗanda suka ƙi. Sa tambayoyin yadda aka karanta su da Hausa. Idan a Kano ka yi, ka ce mazauna birnin Kano, kada ka ce Hausawa ko 'yan Arewa. Kowane kaso na mace ya fito kafaɗa da kafaɗa da na namiji, har a kanun labari, domin batu ne da ake saurin yanko rabinsa a yi ta cacar baki a kai. Maganganun da ka ɗauko daga hira a cire musu duk abin da zai sa a gane mai su: "matar aure, 'yar shekara talatin da wani abu" ya wadatar, ba sai an ambaci unguwa da sana'ar miji ba.

Haɗa taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, da saƙon murya na minti uku don waɗanda ba sa karatu, ka kai wa masu unguwannin da suka buɗe maka ƙofa da matan da suka zauna da ku. Muryoyin da aka naɗa da jerin lambobin waya kuma a goge su a ranar da ka yi wa mutane alkawari, daga wayarka da wayoyin duk masu tambaya.